Awon Wani a Jikin Wani

Tela bai taɓa ganin laifin teburin da ya zana a kwamfuta ba, sai ranar da Dogo, tsohon kwastomansa, ya fito daga ɗakin gwaji da wando iya ƙwauri.

"Maigida, ni na ƙara tsawo, ko yadin ne ya ji tsoro?" in ji Dogo.

Tela ya yi yaƙe, ya juya ga kwamfutar. Shekara da shekaru yana zuba awon mutane a teburin nan mai layi-layi, suna a gidan farko, kafaɗa da ƙugu da tsawo a gidajen gaba. Da ya buɗe reshe sai teburin ya hayayyafa: ga na shago, ga na reshe, ga "sabo", ga "sabo na gaskiya". Ashe matarsa ce, garin neman wani suna, ta jera sunayen bisa haruffa, awon kuwa bai motsa ba. Kowa ya gaji jikin wani.

Ya kira ƙanwarsa Auta, wadda kwamfuta ce abincinta.

"Yaya, bakina har ya gaji," ta ce. "Tebur na mutum ɗaya ne mai abu kaɗan. Kai rumbun bayanai kake buƙata, kowa da lambarsa, awonsa ɗaure da shi."

Ba don ya so ba ya yarda. Ta kafa masa rumbun, ya zauna ya soma da maƙwabcinsa. A gidan ƙugu ya rubuta, "kamar na bara, a ɗan sassauta." Na'urar ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

"Lamba take so, Yaya."

"Mutumin yana jin kunyar tumbinsa, ba ya bari a auna."

"Ai ita ba ta san kunya ba."

Na'urar ta kuma nemi lambar waya. Maƙwabcin kuwa ba shi da waya, ta taga ake kiransa. Tela ya ture kujera ya yi tsaki.

"Wancan ya karɓi komai ya cuce ni, wannan kuma sai na roƙe shi."

"To zaɓi ɗaya."

Ya dubi tulin yadin da aka riga aka yanka bisa awon ƙarya, ya ja kujerar ya dawo. Auta ta ƙara masa gidan da zai riƙa zuba surutunsa. Satin nan kaf keken ɗinki bai yi ƙara ba, waya yake ta bugawa yana ba mutane haƙuri su zo a sake awo. Rabinsu suka ce sai sun samu sarari.