Kiwon Karen Agali

Shekara ashirin da ɗoriya Mijinyawa yana dillancin dabbobi a kasuwar Dakoro, kuma duk tsawon shekarun nan shi ne mai masaukin Agali, wani Buzu makiyayi da ke zaune arewa da Bader Goula. In Agali ya koro bisashe gidansa yake sauka, shi ke sayar masa, abin da bai shiga ba kuma shi ke riƙewa har wata kasuwar. Ba takarda tsakaninsu, ba shaida. Abu ɗaya ke riƙe da su: duk dabbar da Agali ya bari, in ya dawo zai tarar ta fi yadda ya bar ta.

Wannan karon sai ga Agali babu ko ɗan akuya, sai tari mai cin ƙirji da kare a bayansa. Likita ya tura shi babban asibiti a Maradi.

"Ga amana, abokina," in ji shi. "Yara sun yi arewa da raƙuma, ba mai riƙe mini shi."

Mijinyawa ya dubi karen. Dogo ne, ƙafafu kamar karan gero, ciki ya manne da baya, haƙarƙari duk a waje. Da tunkiya aka kawo masa a haka, wuƙa zai nema tun kafin ta yi mushe. Kunya ta hana shi tambayar marar lafiya yaushe rabon karensa da abinci. Ya dai ce a ransa: in wannan ya mutu a hannuna, da wane ido zan kalli Agali? Tsoro ya kama shi sosai.

Ya kai karen bayan gida inda yake turka raguna, ya kafa masa turke nasa. Sunan Buzaye da Agali ya faɗa ya ƙi zama a bakin kowa, sai suka sa masa Baƙo.

"Mi za a ba shi?" ya tambayi matarsa Ramatu.

"Maigida, kare dai tuwo shi ka ci, tun kaka da kakanni."

Mijinyawa bai gamsu ba. Amana ba ta cin saura. A tasha wani direba ya gaya masa akwai abincin karnuka na kanti a Maradi, irin wanda Nasara ke ba nasu. Ya ba shi kuɗi ya sayo masa, kwana biyu sai ga buhu, da hoton wani kare a jiki yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Ramatu ta leƙa ciki, ta riƙe haɓa.

"Wanga ai kashin awaki anka zubo maka cikin buhu."

"Ke dai ba ki san ilimi ba. Likitoci sunka haɗa shi."

"Su likitocin sun ɗanɗana?"

Daga nan aka ja daga. Da safe Mijinyawa ya cika kwano da na kanti, ya tsaya har Baƙo ya lashe. Yana ba da baya zuwa kasuwa, Ramatu ta fito da wata tsohuwar tasa da ta ware can nesa da kayan girkinta, ta dama tuwo da nono, ta ɗora ƙanzo da ƙasusuwan da ta aika aka karɓo wajen mahauta. Ba a ɓoye take yi ba, shi ma ba a ɓoye ba. Da marece kowa ya sake zagayowa, don kada a ce na wancan ne ya yi aiki. Baƙo kuwa bai shiga gardamar ba. Duk wanda ya ajiye kwano, shi ne mai gaskiya.

Mai hali ba ya barin halinsa. Mijinyawa kiwo ɗaya ya sani a duniya, shi ne turka, don haka yadda yake yi wa rago haka ya yi wa kare. Ya jefa masa kanwa a ruwa. Bai taɓa kwance shi ba, don kowa ya san yawo ke cinye kitse. Kowace safiya ya dafa gadon bayansa da yatsu, ya gyaɗa kai. Maƙwabta suka fara leƙe ta kan danga suna tambayar wace Sallah ake tanadi. Bai kula su ba, haƙarƙarin nan dai sun ɓace ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya soma barci da daɗi.

"Kin gani? Buhu ne," in ji shi.

"Tuwo ne," in ji ta.

Bayan sati bakwai, wata rana da azahar, Agali ya yi sallama. Mijinyawa ko ruwa bai bari ya sha ba, ya ja shi bayan gida yana murmushi, ya kwance igiyar da kansa. Agali ya yi fito. Baƙo ya zabura da murna, ya yi taku huɗu ciki na rangaji, ya zauna yana haki. Sauran tafiyar da wutsiya ya ƙarasa ta.

Agali ya sunkuya ya shafa cikin karen.

"Abokina, wannan kare barewa yake kamawa a guje."

"Ai ramamme ka kawo shi," in ji Mijinyawa.

"Haka Allah ya yi su. In ba a ga haƙarƙarinsa ba, ba kare ba ne. Ɗan gero da nono, sau ɗaya a yini, shi ke nan."

Mijinyawa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara ashirin bai taɓa ɓata amanar mutumin nan ba, yau ya ɓata ta da hannu biyu, da kyakkyawar niyya kuma. Ya waiga wajen Ramatu.

"Tuwonta ne. Kullum sau biyu."

"A'a, Maigida, kai da bakinka ka ce buhu ne. Ni mi na sani? Likitoci sunka haɗa."

Dariya ta ƙwace wa Agali, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, ya zauna a kan turmi. Rawaninsa ya zame. Sai a lokacin Mijinyawa ya dube shi da idon dillali: kumatu sun faɗa, wuya ya zama kamar na zabo, hannun da ke shafa kan karen ƙashi ne da fata.

"Kare kam kun lalata mini shi," in ji Agali da ya samu numfashi. "Sai ya yi wata uku kafin ya koma kare. Amma ni likita ya ce sai na yi jiki kafin in koma daji, kuma sati bakwai a Maradi ba wanda ya iya sa mini ko tsoka ɗaya." Ya sunkuyar da kai, don roƙo ba ɗabi'arsa ba ce. "In da wuri, ku riƙe ni yadda kuka riƙe shi."

Idon Mijinyawa ya kawo ruwa, ya juya kamar mai duba raguna.

"Wanga karon dai tuwona za a ci," in ji Ramatu, ta nufi murhu.

Bai musa ba. Ya shiga zaure ya share, ya shimfiɗa sabuwar tabarma.