Tsohon Tawul ɗin Baba

Hantsi ya yi, amma rana ba ta leƙo ba. Tun asuba ake yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai, kuma ba ya barin shanya ta bushe. Na tsaya a bayan shagon aski ina taɓa tawul-tawul ɗin da ke kan igiya ɗaya bayan ɗaya. Duk da sauran danshi. Sai na hura gawayi, na zuba a dutsen guga, na shimfiɗa bargo a kan benci.

Ina cikin guga wayata ta yi ƙara. Yayana ne.

"Auta, kana ina? Baƙin nan da azahar za su iso fa."

"Ina goge tawul, Yaya. Ba su bushe ba."

"Tawul kuma? Kai dai ba ka rabo da abin dariya. Na sayo sababbi, ga su nan cikin leda ko buɗewa ba a yi ba. Ka ɗauko askarka ka taho."

Na ce to. Amma ban tashi ba sai da na gama.

Ni ban yi nisa a makaranta ba. Abin da na sani a shagon Baba na koye shi, kuma kafin ya bar ni na riƙe aska sai da na daɗe ina wankin tawul. Iri uku muke aiki da su. Akwai mai kauri, wanda ake tsomawa a ruwan zafi a naɗe fuska da shi don gemu ya yi laushi. Akwai siriri na kafaɗa, inda ake share kumfar aska. Sai tsoho, wanda wanki ya cinye har ya koma kamar fatar jariri, shi ake jiƙawa da ruwan sanyi a rufe aiki da shi. Dukkansu farare ne, don Baba ya ce mai launi ɓoye datti yake yi. In mun je saye, yakan ɗiga ruwa a kai. In ɗigon ya tsaya yana ƙyalli bai nutse ba, sai ya mayar wa mai kaya abinsa, ya ce, "Wannan na ado ne, a ba amare." Sabo ba ya taɓa fuskar mutum sai an tafasa shi an wanke sau da yawa. Ba a sa masa sabulu mai turare. Wanda ya taɓa fuskar wani ba ya taɓa ta wani sai ya koma tukunya. Mai zafi kuwa, kafin ya hau fuska sai ya fara hawa wuyan hannunka, ta ciki, inda fata ba ta da kauri. Ranar da na manta da wannan, ranƙwashin da na sha har yau in na shafa wurin ina tunawa.

Yanzu Baba ba ya ranƙwashin kowa. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, magana ta tafi, sai ido da hannun dama. Yaya ya ɗauke shi ya kai gidansa, tunda ni ɗaki ɗaya gare ni a bayan shago, kuma kowa ya yaba masa. Da farko a ɗakin kusa da falo aka sa shi. Daga baya aka ce yara suna tsoro, kuma baƙi suna jin wari, sai aka mai da shi ɗakin baya, wanda ke jikin injin wuta. Tun daga nan bai sake ganin falon ba. Ni nake zuwa duk mako in yi masa aski.

To sai mutanen ofis ɗin su Yaya suka ce za su zo duba shi, har da ogansu. Yaya ya ce in an gyara shi tsaf za a fito da shi falo ya zauna cikin mutane. Da na gaya wa Baba, ya kama hannun rigata ya ƙi saki. Ya shafa haɓarsa, ya nuna mini shuɗiyar rigarsa da ke rataye a ƙusa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa duka cikin hira, shago cike, ana musu ana dariya. Na ga abin da fitowar nan take nufi a wurinsa.

Na ninke tawul-tawul ɗin da ɗuminsu, na sa a leda, na cusa cikin riga saboda yayyafi, na kama hanya.

* * *

Maigadi na ganina ya washe baki yana shafa gemunsa. "Mai aska! Yaushe za a taimaki wannan jejin nawa?"

"Ranar da ka yarda aka fara da ƙona shi."

Ya bi ni da dariya. Ta tagar kicin matar Yaya ta hango ni, hannunta duk kumfa.

"Ƙanin miji, sai yanzu? Da ni ce na makara haka da ka kai ƙarata."

"Ai ke uwar gida ce, Anti, wa ya isa?"

"Wuce dai, yayanka ya kusa cinye waya don nemanka."

Na zagaya baya. A ƙofar ɗakin Baba na tarar da Yaya cikin farar riga mai sabon guga, waya a kunne, butar lantarki a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya gama magana ya juyo yana murmushi.

"Na rage maka aiki. Na sa masa tawul mai zafi tun ɗazu, yadda yake yi wa mutane. Kana ganin kamar na manta? Ai ni ma ɗan mai aski ne. Yanzu gemun ya yi laushi, sai ka bi da aska kawai."

Da gaskiyarsa ya faɗa, yana jin daɗi. Rabon da ya taɓa fuskar Baba da hannunsa an daɗe.

Na shiga. Baba na kwance ya karkata hagu kamar kullum. Sabon tawul ne, kore, mai kauri da sheƙi. Na ga ya ture shi daga kumatunsa na dama da hannunsa mai lafiya, sai ya zame ya taru a kumatun hagu da wuya, tsakanin fuska da matashi. Tunda ya daina jin zafi, shi a ganinsa ya cire. Ya dube ni ya ɗaga gira, ya shafa haɓa.

Na ɗaga tawul ɗin. Har lokacin ninkin ciki da zafi. Ƙarƙashin furfurar, fata ta yi jawur tun daga gefen kunne har wuya, ta yi bororo wuri-wuri, ɗaya ya riga ya fashe.

"Yaya, daga buta ka zuba ruwan?"

"Eh mana. Ba mai zafi ake so ba?" Ya leƙo ta kafaɗata. Murmushin ya ɗauke. "Innalillahi. To ai bai yi motsi ba. Wallahi ko tari bai yi ba, ina nan ƙofa."

"Wannan ɓarin ba ya ji."

Na ɗebo ruwan sanyi a famfo, na ciro tsohon tawul, na jiƙa, na ɗora a hankali. In ya yi ɗumi in sake jiƙawa. Yaya na tsaye yana kallon agogo yana kallon Baba.

"Yanzu ba za a iya askewa ba? A hankali haka?"

"Aska ba ta hawa nan. Fatar za ta biyo ta."

"To a naɗa masa wani abu a wuya, ya rufe. Ai ana sanyi, ba wanda zai ce komai."

"Zai manne da ciwon. Gara a kai shi asibiti su duba."

"Za a kai shi. In baƙi sun tafi ni da kaina zan kai shi."

"To a fito da shi a haka, Yaya. Ai dubiya suka zo, sun san ba shi da lafiya. Tun wancan makon yake jira."

Ya ja ni waje, ya rage murya. "Auta, ka yi hankali mana. In fito da shi su ga wannan, su ce me? A gidana aka ƙona shi? Gobe duk ofis an ji. Kai shagonka za ka koma, ni ne zan zauna da su."

"In sun tambaya sai a ce tsautsayi ne. Ai tsautsayin ne."

Aka yi hon a bakin ƙofa. Ya gyara hularsa ya tafi da sauri.

* * *

Da na koma ɗaki Baba ya sake shafa haɓa, wannan karon da ƙarfi, yana harara ta kamar yadda yake yi in na bar mutum a kujera ina surutu. Sai na ciro mai kaurin, na sirka ruwan da ya rage a buta, na tsoma na matse. Zan ɗora a wuyan hannuna ke nan ya miƙo nasa. Na ɗora masa. Ya ji ɗumin, sannan ya gyaɗa kai, wato ya yi.

Na tayar da shi zaune, na yafa masa siririn a kafaɗa, na kaɗa kumfa. Na aske ɓarin dama tas, na fitar masa da saje yadda yake so, na gyara gashin baki. Ɓarin hagu na bi gefe-gefe da almakashi, ban kusanci ciwon ba. Na sa masa shuɗiyar rigar, na bar wuyan a buɗe, na ɗora masa hula, na ɗauke shi na sa a kekensa na marasa lafiya. Ya sa hannu ya karkata hular zuwa inda ya saba. Ya fuskanci ƙofa.

Ba a kunna injin ba ranar, don haka muryoyin falo suna iso mu sarai ta taga. Aka gaisa, aka yi dariya, kofuna suna ƙara. Sai wata murya mai kauri ta ce, "To ina Baban namu?"

Yaya ya ce, "Wallahi ranka ya daɗe, yanzun nan barci ya ɗauke shi. Jiya bai runtsa ba, kuma likita ya ce in ya samu barci kada a tashe shi."

"A'a, a bar shi, a bar shi. Barci ai magani ne."

Suka yi masa addu'a mai tsawo. Baba ya ɗaga hannunsa na dama shi kaɗai, ya shafa tare da su. Wata mata ta ce ba kowane ɗa ne zai riƙe mahaifinsa a gida haka ba, Allah ya yi albarka. Aka ce amin.

Baba ya nuna jakata. Na san madubi yake so. Na riƙe masa ta dama, inda aski ya yi kyau. Ya karɓe daga hannuna ya juya shi da kansa. Ya daɗe yana kallo. Ya sauke madubin, ya kai yatsa kusa da ciwon, na riƙe hannun. Bai yi gardama ba. Ya kife madubin a cinya, ya cire hular, ya miƙo mini, ya nuna ƙusa.

Na leƙa waje ko zan samu hanyar fita da shi zuwa asibiti. Motocin baƙi sun cushe tsakar gida har bakin ƙofa, ko keke ba zai ratsa ba sai ta gaban tagar falo. Na dawo na ci gaba da jiƙa tawul ina ɗorawa.

Can sai ga Yaya ya zagayo da sauri, yana riƙe da gaban rigarsa. Shayi ya zube masa tun daga ƙirji.

"Auta, akwai wani ƙyalle a nan? Waɗannan sababbin ba sa shan ruwa, sai yaɗa abin suke yi."

Saura ɗaya busasshe a ledata, tsoho, cikin waɗanda Baba ya saya da hannunsa. Na miƙa masa. Ya danna a rigar, ya goge, tawul ɗin ya shanye shayin. Ya duba gabansa, ya ga ya yi dama-dama. Bai kalli cikin ɗakin ba. Ya jefa shi kan taga ya juya, tawul ɗin ya zame ya faɗa cikin ruwan da ya kwanta a gindin bango.

Baba na kallon tawul ɗin ta ƙofa. Na je na ɗauka, na wanke a famfo, na matse, na karkaɗe shi sau biyu yadda ya koya mini. Na shanya a igiyar da ke ƙarƙashin rumfa, inda zai iya gani daga kekensa. Yayyafin bai tsaya ba.