Ranar da Dijatu ta kifar da tasar Manzo

Sahabi ɗan dako ne a tashar Filinge. Shekara goma sha biyar yana ɗora buhunan hatsi da na wake kan motocin Yamai, bai taɓa kwanciya ciwo ba. A shekarar da soja suka sake amshe mulki, ran wata Lahadi ta kasuwa, ya sunkuya zai ɗaga buhu, sai ya ji ƙas a ƙugunsa. A amalanken jaki aka kai shi gida.

Matarsa Dijatu kopto, wato kwaɗon zogale, take sayarwa a tashar, gindin wani dogonyaro. Ta baro robarta hannun maƙwabciya ta biyo shi. Ta iske shi kwance rigingine kan tabarma, yana cije leɓe.

"Tahi wurin Manzo," ya ce. "Ki ce mishi ya ba ni mai kore guda biyu. Gobe in tashi."

Manzo dattijo ne mai tallan magani a tasa, yana zagaya tasha da ita bisa kai. Mai koren nan tramol ce. Dijatu ta san ta sarai. Ƙanenta Ibrah ita yake sha kafin ya hau lodi, har ranar da jijjiga ta kama shi a saman mota, ya faɗo da ka. Shekara biyu ke nan da binne shi.

Ta yafa gyale ta fita, amma ta wuce tasha ta nufi depo, shagon magani da ke bayan kasuwa. Mai shagon, Madam Saratu, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce. Ba ta miƙa hannu ga kantar magani ba sai da ta yi tambayoyi. Ƙafarsa ta mutu? A'a. Yana riƙe fitsari? Yana riƙewa. Zazzaɓi fa? Babu.

"Cikinai hwa? Shina jin ƙuna in ya ci yaji?"

"Kullum. Bara har aman jini ya yi."

Madam Saratu ta mayar da kwalin da ta fara ɗaukowa. "To, wanga ibuprofen ya hi kama ciwon baya, amma ba nashi ba ne. Sai shi huda mishi ciki. Ki kai mishi parasetamol, biyu da sahe, biyu da rana, biyu da marece, kar a ƙara. Ga man shahwawa. Ki gasa mishi wurin da tsumma mai ɗumi. Shi riƙa takawa cikin gida kaɗan-kaɗan, amma buhu, sati biyu ba shi ba shi. In ƙahwa ta mutu, ku tahi likita, kar ku zo nan."

Da Sahabi ya buɗe ledar ya ga fararen ƙwayoyi, ya wurga su jikin bango.

"Maganin ciwon kan yara! Ni kika kawo wa wanga? Wurin wa na aike ki?"

"Wurin wanda ya kashe Ibrah."

"Ibrah kwananai ya ƙare!"

"Naka bai ƙare ba, maigida. Mi kake gaggawa?"

Ya yunƙura zai tashi, ciwon bayan ya mayar da shi. Ta tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye kusa da kansa da kofin ruwa. Ranar bai sha ba. Washegari ya sha biyu, ya ce gara ma ya haɗiyi tsakuwa.

A rana ta uku ta dawo daga rijiya ta iske tabarma babu kowa. Ta ajiye tulu ta nufi tasha. Tun daga nesa ta hango shi saman wata babbar mota, buhu a kafaɗa, yana dariya, idanunsa jawur. Mutumin da jiya bai iya ɗaure wandonsa ba. A ƙasa kuma ga Manzo zaune kan benci, tasarsa gabansa, yana shan shayi.

"Baba Manzo," ta ce. "Nawa ka ba shi?"

"Ɗiyata, ki gaishe ni tukun."

"Na ce nawa ka ba shi?"

"Namiji ne, da ƙahwarshi ya zo. Ni taimako na yi."

"Hakanan ka taimaki Ibrah. Ka zo gaisuwa, ka ci goro, ka yi muna addu'a, tasar ga tana aje bakin ƙohwa!"

Ta sa ƙafa ta shure tasar. Ƙwayoyi ja da kore da rawaya suka watsu cikin yashi, wasu suka gangara ƙarƙashin mota. Ta bi su tana murjewa da takalmi. Manzo ya miƙe yana salati, ido ɗaya kanta, ido ɗaya kan titi, don a lokacin jandarma ba sa wasa da masu tallan magani. 'Yan dako suka daina aiki. Fasinjoji suka leƙo ta tagogi. Sahabi ya tsaya a saman mota da buhunsa, ya rasa ta inda zai sauko.

"Ke! Dijatu! Kin haukace?"

"Na haukace! Sauko ka ga hauka!"

Sarkin tasha, Alhaji Tahiru, ya fito daga rumfarsa. Bai tambayi wa ya fara ba. Abin da ya dame shi kar hayaniyar ta jawo masu kaki cikin tasharsa. Ya sa Manzo ya kwashe abin da ya rage ya ɓace. Ya ce wa Sahabi tunda ya kasa riƙe gidansa, kar ya sake ganin ƙafarsa a tasha sai bayan sati biyu. Dijatu kuwa, ta ɗauke robarta daga gindin dogonyaro, ba sati biyu ba, har abada.

"Alhaji, shekara tara nike nan."

"Da kin tuna haka kahin ki ɗaga ƙahwa."

Da la'asar ƙarfin tramol ya sake shi, ciwon ya dawo ya ninka na farko. Sahabi ya kwanta yana nishi, ya juya fuska bango. Kwana biyar bai yi mata magana ba. Ita ma ba ta roƙe shi ba. Takan dire masa ƙwaya biyu da ruwa, ta jiƙa tsumma a ruwan zafi ta danna masa ƙugu, ba da tausayi ba. In ya yi ƙara ta ƙara dannawa. Yayarsa Habsa ta zo daga Bonkuku takanas don ta ce mata macen kirki ba ta tozarta mijinta a kasuwa. Dijatu ta ce ta zauna ta yi jinyarsa da kanta. Habsa ta koma a motar yamma.

A rana ta shida ya taka har bakin zaure. A ta goma ya je masallaci, ya yi ruku'u ba tare da ya dafa bango ba. Da ya dawo ya zauna nesa da ita, ya ce, "Kar ki sake yi mini haka gaban mutane."

"Kar ka sake sha, ba ni sakewa."

"Ban ce ba ni sha ba."

"Ni ma ban ce na tuba ba."

Da sati biyun suka cika ya koma tasha. Alhaji Tahiru ya ga yadda yake tafiya a karkace, ya ba shi aikin ɗaure igiya maimakon ɗaukar buhu. Sahabi ya karɓa yana ƙunƙuni, yana cewa aikin tsofaffi ne. Manzo ya dawo da sabuwar tasa, sai dai in ya hango Dijatu a hanya yakan canza lungu. Ko Sahabi ya sake saye a wurinsa, ba ta sani ba. Takan dubi idanunsa in ya shigo, shi kuma ya san tana duba, yakan harare ta.

Ta je sau biyu tana roƙon Alhaji Tahiru ya mayar mata da wurinta, ya ƙi. Ta koma bakin hanyar Bonkuku, inda babu inuwa sai ta wani bangon ƙasa, motoci kuma ba sa tsayawa sai in taya ta fashe. Ran farko mutum huɗu suka sayi koptonta. Sauran ta kawo gida, suka ci da Sahabi cikin roba ɗaya.