Bishiyar Lemon Kawu

Tun da Kawu ya yi ritaya ya buɗe shafi a intanet, yana rubutu kan shuka a tukwane. Rubutu dai yana yi, har da hotunan ganye gaba da baya. Amma ƙarƙashin kowane rubutu wurin sharhi fayau yake, ko sallama babu. Abin yana cin sa, don mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa bai saba magana ba a tanka masa ba.

Abin haushin shi ne, duk sanda ya saka mahaɗin rubutun a Fesbuk, nan mutane suke tururuwa. Ya ce da ni kasuwa tana ci a bakin titi, shi kuma yana gadin shago. Da yake a gidanmu duk wadda ta taɓa gyara wa wani waya ta zama injiniya har abada, ni aka kira. Na haɗa masa abin da zai riƙa kwaso maganganun Fesbuk yana zuba su ƙarƙashin rubutun.

Washegari shafi ya cika maƙil. Kawu ya sa tabarau, ya gyara zama, ya ce in karanto masa.

Na farko Gwaggo ce, tana tambayar yaya gwiwarsa. Na biyu wani tsohon ɗalibinsa, ya ce Allah ya ƙara basira, alhali rubutun kan tsutsar da ke cin ganye ne. Sai ɗan ƙanwar Kawu ya tambayi wa ya ɗauki tsanin gidansu, Yaya Babba ta ce ya tambayi matarsa, daga nan aka bar tsutsa aka koma kan tsani. Kawu bai karaya ba. Ya bi kowa da amsa, har mai cigiyar tsanin sai da ya gode masa da wannan muhimmin tsokaci.

Da tafiya ta yi tafiya, jikinsa ya yi sanyi. Wata safiya ya ce, “'Yata, anya akwai mai buɗe rubutun nan kuwa?”

Na san amsar, amma tausayinsa ya hana ni faɗa.

Sai ya ɗana tarko. A tsakiyar wani dogon rubutu kan takin toka, ya saka cewa duk wanda ya karanto zuwa nan ya zo ya ɗauki bishiyar lemonsa kyauta. Wannan bishiyar kuwa, da ya raina a tukunya, ko jikokinsa ba ya bari su taɓa ganyenta. Sharhi ya yi ta zubowa, gaisuwa da addu'a da cigiyar tsani. Ba wanda ya ambaci lemo. Kawu ya wuni a tsakar gida yana kallon bishiyarsa.

Da yamma aka buga ƙofa. Mai Walda ne, maƙwabcinmu, wanda ba sa ga-maciji da Kawu tun ranar da akuyarsa ta cinye wa Kawu barkono. Yana riƙe da baro.

“Na zo ɗaukar lemona, Malam,” in ji shi.

Kawu ya miƙe a hankali. “Kai kake karantawa?”

“Duk ina karantawa, ba na dai rubutu. Kuma maganar tokar nan ba haka take ba. Ka cika ta, ka ƙona saiwa.”

Na zaci faɗa za a yi. Faɗan kuwa aka yi, amma rabon da in ga fuskar Kawu ta washe haka har na manta. Ya ɗauko littafi, Mai Walda ya ce littafi bai taɓa shuka komai ba. Suna musu suka kinkimi tukunyar tare suka ɗora a baro, Kawu yana tallafe da reshe kada ya karye.

A bakin ƙofa Kawu ya riƙe hannun baron ya ce, “Gobe zan yi rubutu kan ban ruwa. Ka zo ka faɗa mini inda na yi ƙarya.”