Danna Ɗaya, Tikiti Ɗaya

Autanmu dai injiniya ne, in ji shi. Takardar tana nan a bango cikin gilashi, amma tun da aka rataye ta ban ga abin da ya ƙera ba sai surutu. Famfon kicin ɗinmu ya daɗe yana ɗiga. In ya zo sai ya tsaya a kansa ya riƙe ƙugu, ya ce ai laifin wanda ya zana famfon ne tun farko. To wannan mutumin ne muka damƙa wa fitar Baba.

Ni nake zaune da Baba tun rasuwar Mama, kuma na san abu ɗaya ne ya rage yana tashinsa daga gado, wato bas ɗin safe. Zai yi wanka, ya sa riga mai guga, ya taka zuwa tasha, ya hau har ƙarshen layi inda amininsa Mai Rediyo yake da shago. Mai Rediyo ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, shagon ma a ƙasan gidansa yake, don haka in Baba bai je ba, ba su da wata hanyar haɗuwa. Can suke wuni a kan benci, suna shan shayi suna musu a kan abubuwan da suka faru tun ba a haife mu ba. In ya dawo sai ki ga fuskarsa ta cika, ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Matsalar hannunsa na dama ne. Da safe rawa yake, kafin magani ya kama jikinsa. Sai rana ta yi sama yake lafawa, da yamma kuwa sai ki rantse lafiyarsa ƙalau. Za ki ce ya bari sai rana ta yi mana. To bas mai kaiwa ƙarshen layi na safe ne kaɗai, sauran a rabin hanya suke juyawa. Tikitin kuma ƙananan katuna ne da ake sayarwa a ɗaure da roba, ka zare ɗaya ka tura a bakin injin da ke jikin ƙofa, ya yi ƙara ka wuce. Wata safiya Baba ya zo zarewa, ɗaurin ya kuɓuce masa, katuna suka watse. Ya sunkuya zai tsince, direba ya ja mota, goshinsa ya haɗu da ƙarfen kujera. Sai da aka yi masa ɗinki.

Nan fa Babban Yaya ya bayyana. Mutumin da ya san Baba ta waya kawai, in ya kira ma yana tuƙi ne. Ya shigo falo yana kaɗa makullin mota, bai ko gama zama ba ya yanke hukunci.

"Magana ta ƙare. Baba ya daina hawa bas."

Na ce, "To Yaya, kai da kake da mota, ka riƙa kai shi mana."

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa, alhali uwarmu ɗaya. Wai ofis. Ni ma dai da safe ina gaban ɗalibai a aji, shi ya sa ban ja ba. Na ce to ga hanya mai sauƙi: kullum in zare masa tikiti ɗaya in sa a aljihun gaban rigarsa, na dawowa kuma a aljihun wando. Babu ɗauri, babu abin watsewa.

Auta ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Haba Yaya Malama, wannan ai dabarar tsofaffin mata ce. Kati zai lanƙwashe, zufa ta jiƙa shi, inji ya ƙi karɓa. Abin da Baba yake buƙata shi ne ma'ajin tikiti na aljihu. Danna ɗaya, tikiti ɗaya. Ku ba ni lokaci kaɗan."

Babban Yaya yana jin kalmomi masu nauyi ya gyara zama. Ya ce shi ke nan, Baba ya zauna a gida har a gama. Ranar da aka gama shi da kansa zai raka shi tasha, in ya wuce ƙofar bas ba tare da taimakon kowa ba, ya ci gaba da fitarsa. In kuwa aka sake, to an rufe maganar har abada. Duk wannan a gaban Baba ake yi, yana zaune da filasta a goshi, ba wanda ya tambaye shi ko da tari.

Lokaci kaɗan ɗin Auta kuwa, Allah ya kiyashe ki da shi. Ɗinki ya warke, tabo ya dushe, muka yi jarrabawa muka tafi hutu muka dawo, ana nan ana zane. Ya mamaye teburin cin abincinmu da kwali da gam da almakashi da kwamfuta, mu muka koma cin abinci a cinya. Kullum bayan la'asar zai iso da jakarsa, ya kama hannun Baba ya shimfiɗa a kan tebur, ya auna tafin da tef, ya auna babban yatsa, ya ɗauki hoto ta sama ta gefe. Baba kuwa sai murmushi, wai autansa ne yake masa aiki.

Na farkon na kwali ne, kamar kwalin ashana ya yi ƙiba. Na biyu ya sa masa sifirin a ciki mai turo katuna sama. Na uku ya huda masa 'yar taga don a ga ko tikiti ya kusa ƙarewa. Daga nan ya ce kusurwoyin za su yaga aljihu, aka koma goge kusurwa. Sai kuma zoben rataya makulli, wanda ba wanda ya roƙe shi. Sati guda cur aka yi ana muhawara tsakanin shuɗi da ruwan toka, shi da wasu abokansa masu gemun gayu da suke zuwa su cinye mana biskit. Mts!

Abin da ya fi alfahari da shi madannin ne. Ya ce yatsan tsoho ba shi da ƙarfi, don haka ya yi ta sassauta shi, yana canza sifirin, har ya zama ko shafa shi ka yi tikiti zai leƙo. Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi kyau a ido, yana kuma zama daram a tafin hannu. Zai miƙa wa Baba ya ce, "Baba, danna." Baba ya danna, kati ɗaya ya fito tsaf, su tafa kamar yara.

Na ce masa, "Auta, ka zo da safe ka ga hannun nan."

"Yaya Malama, ni ƙwaƙwalwata ba ta buɗewa da safe. Kuma hannu ai hannu ne, na auna shi ta ko'ina."

"To bar mana shi ya kwana, ya gwada kafin in tafi makaranta."

Ya rungume jakar kamar zan ƙwace masa jariri. Wai ba ya barin samfuri a hannun kowa, ana satar fasaha. A gidan ubansa fa! Wa zai sace, ni ko kyanwar maƙwabta?

Shi ma Baban ban wanke shi ba. Ranar da Auta ya yi kuskuren zuwa da hantsi neman cajar wayarsa, ina kallo Baba ya tura hannun ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai, bai fito da shi ba har yaron ya tafi. Tun Auta yana rarrafe haka ake yi masa a gidan nan. In ya fasa kofi a ce kofin ne dama ya tsage.

Ana wannan zanen, Baba yana ramewa. Wandonsa ya fara zamewa, abinci sai ya tsakura ya ture. Mai Rediyo yakan kira a waya, amma dukansu kunne ya yi nauyi, sai su yi ta "Iye? Me ka ce?" har su gaji su ajiye. Abin ya ishe ni, na ce Baba tashi mu gwada tawa dabarar. Kullum da safe, hannun yana tsakiyar rawarsa, sai in sa kati ɗaya a aljihun gabansa in bar kansa ya leƙo. Ya kama da yatsu biyu, ya tallafe da hannun hagu, ya tura a tsagar ƙofar kabad, wai ita ce injin bas. Da farko yana kuskurewa. Daga baya ko magana yake yi sai ya tura daidai, har ya riƙa yin ƙarar injin da bakinsa yana dariya. Na san in aka bar shi da wannan zai wuce.

Ranar gwaji Baba ya riga kowa shiryawa, har da turare. Na sa masa katinsa a aljihun gaba. Babban Yaya ya iso yana duba agogo. Sai ga Auta, idanu jajur don bai saba ganin wannan lokacin ba, ɗauke da ɗan akwati har da kintinkiri. Ya buɗe, ya ɗora abin a tafin Baba. Hannun yana kaɗawa a gaban idon Auta, amma gogan naki ya riga ya juya yana saita kyamarar waya.

Na matsa kusa na rage murya. "Baba, ka bar wannan a aljihu. Ka yi yadda muka saba."

Ya dubi abin a hannunsa, ya dubi bayan Auta. Wallahi ya sani, na gani a fuskarsa.

"Uwata, yaron nan ya sha wahala. In na ƙi riƙewa a gaban yayansa, da wane ido zai dube shi?"

"Baba, fitarka ce fa."

Ya zare katina daga aljihunsa, ya danƙa mini a hannu, ya rufe yatsuna a kai.

A tasha layi ya yi tsawo, ma'aikata da 'yan makaranta da mata masu kwanduna. Bas ya tsaya, ƙofa ta buɗe. Baba ya taka matakala da kyau, ya tsaya gaban injin, ya fito da abin. Ya ɗora babban yatsa a kan madannin nan mai laushi. Yatsan kuwa ya yi abin da ya saba yi kowace safiya.

Fat, fat, fat, fat! Katuna suka yi ta tsalle. Ɗaya ya daki direba a wuya, wasu suka faɗa kwandon wata mata, sauran suka bi ƙarƙashin kujeru. Wasu 'yan mata suka tuntsire da dariya. Daga bayan layi wani ya ɗaga murya, "Tsoho, in wasa za ka yi ka ba mu hanya!" Baba bai sunkuya ba wannan karon. Ya tsaya da fankon abin a hannu, ya waiwayo ya dubi Babban Yaya. Shi kuma ya hau, ya kama gwiwar hannunsa, ya sauko da shi kamar mai sauke kaya. Ƙofa ta rufe, bas ya tafi.

Kin san abin da Auta ya ce? Ya karɓi abinsa yana jujjuya shi, yana duba ko ya ƙarce.

"Ai ka danna da yawa ne, Baba. Danna ɗaya na ce."

Na ce, "Allah wadaran naka ya lalace." Na juya wurin Babban Yaya na buɗe tafina, ga katin nan har ya jiƙe da zufa. Na roƙe shi, ni da ban taɓa roƙonsa komai ba, na ce gobe a sake, sau ɗaya tak, da tawa hanyar. Ya ce shi ya gani da idonsa, kuma ba shi da wata safiyar da zai ɓata. Ya danna makulli motarsa ta yi ƙara.

Abin haushin, ma'ajin nan ya karɓu. Wani mai kamfanin roba ya ɗauka, yanzu kowane kanti a tasha yana rataye da shi, shuɗi da ruwan toka. In na hau bas zuwa makaranta sai in ga samari masu lafiyayyun hannaye suna dannawa, kati ɗaya ya leƙo, su wuce suna taunar cingam. Sunan da Auta ya sa masa kuwa, Hannun Baba. A jikin kwalin ga hoton tafin Baba nan a shimfiɗe a kan teburinmu, a natse, ɗaukar yamma. Har hira aka yi da shi, yana cewa ƙaunar mahaifinsa ce ta sa shi ƙera shi.

Baba har yanzu yana wanka da sassafe ya sa riga mai guga. Sai ya ja kujera bakin taga, inda ake hango tasha. Ya danna abin, katuna su zube a cinyarsa, ya tattara ya mayar, ya sake dannawa. Haka nake barinsa in zan tafi aiki. Mai Rediyo ya aiko wani direba ya ce a gaya wa Baba wurinsa a benci yana nan, ba ya barin kowa ya zauna.

Jiya da yamma Auta ya zo sanye da sabuwar riga, ya tarar da abin a hannun Baba. Ya washe baki.

"Kin gani ko, Yaya Malama? Ba ya rabuwa da shi. Baba, danna ka nuna mata."

Baba ya danna. Kati ɗaya ya fito tsaf.

"Madalla, Autana," in ji shi.

Auta ya ɗaga mini gira, ya wuce kicin neman abin ci, yana tsallake ruwan famfon da ke ɗiga. Baba ya daɗe yana kallon katin. Sannan ya sa shi a aljihun gaban rigarsa, ya bar kansa ya leƙo, yadda muka saba.