Damin Aminullahi

Karo na biyu ke nan Sajo yana dawowa daga ƙofar mai unguwa da damin geron nan a ka, wuyansa har ya fara ƙagewa. Dami ɗaya tal, amma ya hana shi zama tun safe.

A unguwarsu a Ɗanzomo, kowane magidanci yakan kai dami ɗaya rumbun unguwa bayan girbi, da shi ake yashe rijiya a ciyar da 'yan sintiri. Maƙwabcin Sajo, Malam Ɗalha, biyu yake kaiwa, nasa da na ɗansa Aminullahi, wanda ya daɗe a Jidda yana tuƙin motar ruwa. Bana sai aka yanke cewa duk wanda yake ƙasar waje an ɗauke masa. Kowa ya yi murna, ban da tsohon nan da ciwon ƙirji ya kwantar.

"An karɓa?" in ji Malam Ɗalha, tun Sajo bai rufe baki da sallama ba.

"An karɓi naka, Malam. Na yaron har yanzu sun ce an yafe."

"Yafe me? Laifi ya yi?" Ya yunƙura zai tashi, matarsa Rahamatu ta riƙe shi. "A gidan nan aka binne cibiyarsa. Yau a ɗauke masa dami, gobe a ce ba ɗan gari ba ne. Koma, Sajo. Ka ce ni na aiko ka."

Sajo ya sake ɗauka, yana ƙunƙuni. Ya iske mai unguwa a inuwar dalbejiya.

"Kai ma ba ka gajiya," in ji mai unguwa. "Zauna ka ji, don kada ka ce ni na ƙirƙiro."

Ya ciro waya ya danna. Muryar Aminullahi ce ta fito, ba ko shakka: "Ranka ya daɗe, ba ma shan ruwan rijiyar nan, ba a tsaron akuyarmu ko ɗaya. A cire mu kawai. Ni dai ba na jin zan dawo zama."

"Shi ya tara sauran da ke ƙasar waje suka roƙa," in ji mai unguwa. "Yaya zan karɓi dami da sunan wanda ya ce a cire shi?"

Sajo ya sake ɗora damin a ka. Ya bi hanya, ya wuce ƙofar Malam Ɗalha, ya dawo, ya sake wucewa. Daga ƙarshe ya shiga nasa zauren, ya jingine damin a bayan ƙofa ya lulluɓe da tsohuwar tabarma. Ya karkaɗe hularsa, sannan ya yi sallama a gidan maƙwabcinsa hannu sake.

"An karɓa, Malam."

Maganar ta yi masa ɗaci a baki. Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Kusa da nawa aka ajiye?"

"Kusa da naka."

"To, alhamdulillahi."

Ya juya fuska bango, ya yi barcin da Rahamatu ta ce rabonsa da shi tun da aka fara girbi. Washegari bayan azahar Allah ya yi masa cikawa.

Ana dawowa daga maƙabarta Aminullahi ya kira, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Baba Sajo, ya yi maganata kuwa?"

Sajo ya ji haushin yaron, ya kuma ji tausayinsa.

"Ya yi. Ya ce kai ɗan gari ne."

Damin kuwa ya zame masa kaya. Ba ya iya mayar wa Rahamatu, don ta san ɗaurin mijinta ko cikin dami ɗari. Ba ya kuma iya ba iyalinsa su sussuke. Yana nan a bayan ƙofa. Kullum da hantsi kaji sukan shigo zauren su tsattsage abin da ya zubo daga ƙarƙashin tabarmar, Sajo yana zaune yana kallonsu, bai taɓa korarsu ba.