Ranar da Ruwa Ya Janye Ƙarfe Huɗu

Ni direba ne, ba ruwana da wanda aka ɗauka ko wanda aka ajiye. Shekara tara ke nan ina jan motar 'yan ƙwallon ƙasarmu, 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. In kwaso su daga Rifa, in ratsa Manama, in haye gada zuwa Muharrak inda filin atisaye yake. Bahrain ɗin duka guda nawa take? Kafin shayinka ya huce ka ci rabinta. Amma yaran nan sai sun tayar mini da hawan jini kafin mu isa.

A waccan shekarar gola uku aka kira, biyu kuma za a tafi da su gasa a ƙasar waje. Na farko ba a maganarsa, kujerarsa a jirgi ta tabbata. Saura kujera ɗaya tsakanin Nawaf ɗan Rifa, wanda ko gashinsa ba ya yarda iska ta taɓa, da Kumail ɗan ƙauyen Samahij, dogo, shiru-shiru, mai hannu kamar faranti. Mai horar da su, Kyaftin Badar, doka ɗaya ya kafa: wanda ya makara atisayen ƙarfe huɗu sau ɗaya, ya koma gidan ubansa.

Kumail nake ɗauka ƙarshe, a bakin titin ƙauyensu. Da ya shigo sai yara su toshe hanci.

"Ga kasuwar kifi ta iso!" in ji Nawaf. "Baffa Bu Yakub, don Allah sauke gilas."

Kumail ba ya tankawa. Ni kuwa ɗan masunci ne, na ga farin gishiri a ƙaurinsa, na san daga hadra yake. Shinge ne na itacen dabino da ake kafawa a cikin teku, kifi ya shiga da cikar ruwa, in ruwa ya janye ya rasa hanyar fita. Sai mai shi ya shiga da kwando ya kwashe. In ya yi jinkiri a zafin nan namu, ɗan ruwan da ya rage ya yi ɗumi, kifin ya mutu, tsuntsaye su yi biki.

Ranar Lahadi na tare shi. "Kai yaro, ina babanka Hajji Radi da kake shiga masa hadra?"

"Yana kwance, Baffa. Kifin nan mai ƙaya a wutsiya ya taka, ƙafar ta kumbura. Likita ya ce wata guda."

"Maƙwabta fa?"

"Kowa da nasa shingen, kuma lokaci ɗaya ruwan ke janye mana duka."

Ƙannensa mata ne ƙanana, kuma da kifin safi da ke cikin shingen nan gidan ke ci. Na yi lissafi a zuci. Ruwa ba ya bin agogon Kyaftin Badar, kullum sai ya ƙara jinkirin kusan awa guda. Ranar da muke maganar ƙarfe ɗaya saura ya janye. Ranar Alhamis, ranar wasan tantancewa, ƙarfe huɗu zai janye.

"Ka gaya wa Kyaftin mana."

"A'a, Baffa. Kar a ce roƙo na yi."

Taurin kai irin na mutanen bakin teku, wallahi har haushi ya ba ni.

Alhamis na tsaya a bakin titin Samahij, babu Kumail. Na yi hon sau uku. Kowa a motar ya san abin da hakan ke nufi. Na dubi Nawaf ta madubi, ina jiran in ga haƙoransa a waje.

"Ina kasuwar kifin?" ya ce.

Ban san lokacin da bakina ya kwance ba. Na zazzage musu komai, har da ƙafar uban, na ƙara da cewa su da ake kawo wa abinci har gado ba za su gane ba. Na sa giya zan wuce.

"Shi kaɗai awa nawa yake yi?" in ji Nawaf.

"Biyu."

"Mu ashirin da huɗu fa?"

"Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa? In ya buga wasan nan, kai ne a ruwa."

"Ni dai ba zan hau jirgi don wani kifi ya sari baban wani ba. Baffa, juya motar."

Na juya. Aikina ma a lokacin na manta da shi.

Can muka hango Kumail a cikin shingen, ruwa iya gwiwa, yana jan kwando. Yaran suka tuɓe takalma suka faɗa da gudu suna ihu kamar an buɗe musu wurin wanka. Ranar na fara jin Kumail ya ɗaga murya.

"Ku ja ƙafa a ƙasa! Kar ku ɗaga! Ku ja ta, jakai, so kuke ku kwanta kamar babana?"

Sai ga 'yan wasan ƙasa guda suna jan ƙafa cikin laka kamar tsofaffi. Suka yi layi daga shingen har gaɓa, kwando na wucewa hannu zuwa hannu. Ƙaguwa ta kama Nawaf a yatsa, ya kira sunan uwarsa da ƙarfi, har masuntan da ke nesa suka juyo suna dariya. Minti ashirin da biyar aka gama.

Mun isa fili biyar saura kwata. Kyaftin Badar na tsaye shi kaɗai a tsakiyar ciyawa, ya harɗe hannu.

"Taya ce ta fashe, Kyaftin," na ce.

Ya dubi gajerun wandunansu da ke ɗigar ruwa. "Bu Yakub, tayar taka warin safi take yi."

Nawaf ya fito gaba ya faɗi gaskiya, ya ce shi ya sa aka juya. Kyaftin ya daɗe yana kallonsu. Korar mutum ashirin da biyar a ƙasar da 'yan ƙwallonta ba su cika mota biyu ba, ai ba ta taso ba. Ya busa usur kawai ya ce a shiga.

Nawaf ya yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma ƙwallo biyu suka wuce shi. Kumail kuwa ko ɗaya. Ranar Asabar aka kira sunaye, nasa na ciki, na Nawaf babu. Ana watsewa na ji Kumail na ce wa Kyaftin shi fa ba ya jin zai iya barin gida kwana goma, a ba Nawaf. Kyaftin ya ce ya je ya yi tunani, shi dai yana nan riƙe da fasfonsa.

Ranar tafiya, Alhamis da hantsi, na zo Samahij ba tare da na sa rai ba. Sai ga shi da jaka, sanye da rigar ƙasa.

"To, wa ka bar wa hadrar?" na ce.

Ya nuna mini teku da haɓa. Ruwa ya janye. A cikin shingen Hajji Radi akwai wani yaro da kwando a kafaɗa, gashinsa duk a hargitse, yana jan ƙafa a hankali yadda aka koya masa. Hajji Radi na zaune a gaɓa kan kujerar roba, ƙafa a naɗe, yana ta nuna masa da sanda.

"Tun Lahadi yake zuwa koyo," in ji Kumail. "Babansa ke kawo shi. Nawaf ɗin ya ce in ban hau jirgin ba, shi ma ba zai hau ba."

Yaran suka yi caa a taga suna kiran sunansa. Wani ya ƙwala, "Ga kasuwar kifin Rifa!" Nawaf ya ɗago, ya ɗaga mana kwandon sama da hannu biyu, ya koma ya sunkuya. Ni da ban taɓa yi wa ɗan ƙwallo hawaye ba, sai da na tsaya na goge ido da gefen rawanina kafin in iya ganin titi.